Kwafi na Uku

"Malama, buɗe mini. Ajiyata na zo karɓa."

Safiyar Asabar ce, ina zaune da tulin littattafan 'yan aji biyar ina maki. An ɗauke wuta, an dawo da ita da ƙarfin tsiya har ƙwan fitilar falona ya fashe, ko share shi ban kai ga yi ba. Na buɗe ƙofa na tarar da maƙwabcina tsaye, silifa a ƙafa ɗaya, tabarau a goshi, ƙaurin waya na biyo shi daga ɗakinsa.

"Duka biyun sun tafi," ya ce, har da ɗan murmushinsa. "Kwamfutar da rumbun ajiyar bayanan. Ina cikin kwafa wutar ta shigo. Kin ga amfanin abin da nake ta faɗa muku? Ɗauko mini na ukun."

Ban motsa ba. Ya dube ni, ya sake buɗe baki zai yi magana, sai maganar ta fito a karkace. Gefen bakinsa ya zame ƙasa. Ya kai hannu zai dafa bango, hannun ya ƙi, ya sulale a bakin ƙofata.

Na ƙwalla ihu. Wani direban tasi da ke zaune a hawan ƙasa ya hayo a guje, muka kinkime shi zuwa mota. Ina riƙe da kansa a cinyata har asibiti, kuma Allah ya sani, a cikin tsoron da nake ji akwai wani ɗan sauƙi da na ji a raina, don bai ƙarasa tambayar ba. Har yau in na tuna wannan sai na ji na tsani kaina.

Shekara goma sha bakwai muna ƙofa da ƙofa a hawa na biyu. Duk unguwar ba mai kiransa da sunansa, Malam Kwafi-Uku ake ce masa. Yana da shafi a jarida duk mako mai suna "Kwamfuta Ba Dodo Ba Ce", shekara ashirin da shida yana rubuta shi. Da farko mai buga keken rubutu ne a gidan jaridar. Ranar da aka kawo musu kwamfutoci kowa ya ja baya kamar an shigo da maciji, shi kuwa ya ɗauki littafin da ya zo a cikin kwalin ya karanta tun daga bango har bango. Daga nan kowa ya riƙa zuwa wajensa da tambaya, har edita ya ce ya daina ɓata bakinsa, ya rubuta kowa ya huta.

Shawarwarinsa ba su da wuya. In kwamfuta ta daskare, ka kashe ka kunna kafin ka fara zagin wanda ya sayar maka. Ka nisanta kofin shayi da allon rubutu. In ta yi maka tambaya, ka karanta kafin ka danna, domin ita ba ta san wasa ba. Sannan kowane shafi, ko a kan me ya yi magana, da abu ɗaya yake rufewa: duk abin da ba ka son rasawa, ka yi masa kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a aljihun tebur, ɗaya a gidan maƙwabci. Wani lokaci yakan ƙara da cewa kwafin da ba ka gwada ba, kada ka ƙirga shi.

Ni kuwa na ishe shi da tsokana.

"Malam, kai ko atishawa ka yi sai ka ajiye mata kwafi?"

"In mai kyau ce, me zai hana?"

A 'yan shekarun nan an yi ta rage masa shafin, daga shafi guda zuwa rabi, daga rabi zuwa wani ɗan lungu kusa da tallan katifa. Sabon editan ya ce yanzu kowa a waya yake. Malam bai yi fushi ba. Yana nan yana amsa wasiƙun tsofaffin ma'aikata da sakatarori da masu shagon buga takardu, kowa da amsarsa, ko an buga ko ba a buga ba.

Matarsa ƙawata ce. Shekara tara ke nan da rasuwarta, bayan doguwar jinya. 'Yarsu ɗaya, ita ce fari ita ce auta, kuma Auta ɗin muke kiranta. Tana da shekara goma sha huɗu a lokacin. Da uwar ta ga jikin ba na tashi ba ne, sai ta sa Malam ya riƙa ɗaukar muryarta, ta bar wa yarinyar saƙo goma sha biyu, kowanne da ranarsa: ranar da ta gama makaranta, ranar da ta fara aiki, ranar da ta yi aure, haka dai. Ta kafa sharaɗi cewa kada a ba ta wani kafin ranarsa, kuma su saurara tare da babanta. Don haka bai taɓa tura mata su a waya ba, bai kuma ɗora su a intanet ba. Ya ce abin da yake ji da shi ba ya ajiye shi a gidan da bai san ƙofarsa ba.

Auta ta ji goma sha ɗaya. Saura na ranar da za ta haihu, kuma a wannan Asabar ɗin cikinta wata takwas ne.

Mako biyu bayan rasuwar matar ya kawo mini wata ambulan ruwan ƙasa, da ɗan filashin kwamfuta shuɗi a ciki.

"Muryarta ce," ya ce. "Ki ajiye mini. Ke ce gidan maƙwabcin."

Na sa a ƙasan akwatin zannuwana. Shekara uku tana nan lafiya. Sai wata rana jarrabawa ta matso, na buga tambayoyi a kwamfutar ofishin shugaban makaranta, injin bugawarmu ya lalace, ana jirana a shagon buga takardu kafin su tashi. Filashina ya ɓata. Na ruga gida na ɗauko nasa, a raina na ce aro ne na awa ɗaya, zan sa nawa a gefen nasa in cire, wa zai sani? Da na soka shi, wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar da rubutu layi biyu. Shugaba na tsaye a kaina yana kaɗa makulli. Ban karanta ba, na danna. Wani ya sake fitowa, na sake dannawa. Da ya buɗe, babu komai a ciki, fes kamar sabo.

Na san abin da na yi. Duk da haka na zuba tambayoyin jarrabawar a ciki, da hotunan bikin raba kyaututtuka da shugaba ya ce a wanko, na kai shago, na dawo na mayar da shi cikin ambulan. Na ce gobe zan gaya masa. Da goben ta zo na ce ai yana da biyu a ɗakinsa, me zai sa in tayar masa da hankali?

Kowace shekara, ranar da matarsa ta cika, yakan tsaya a ƙofata.

"Malama, ajiyata tana nan?"

"Tana nan, Malam."

Sai ya gyaɗa kai ya wuce. Sau shida muka yi haka bayan na goge shi.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta taɓa magana da hannun dama. Auta ta iso da mijinta da rana tsaka, tana tafe tana dafe da ƙugu. Ta zauna a bakin gadon ta kama hannun babanta na hagu ta yi ta kuka. Ya zare hannun a hankali, ya ɗaga yatsu uku, ya nuna ni.

"Na gane, Baba," ta ce tana share ido. "Na ukun yana wajen Inna. Ko, Inna?"

"Yana nan," na ce.

Mijinta ya kai kwamfutar da rumbun wajen mai gyara na bakin kasuwa. Washegari ya dawo da su a leda, ya ce mai gyaran ya buɗe ya duba, cikinsu ya soye, ko tsafi ba zai tashe su ba. Auta ta yi ajiyar zuciya.

"Allah ya saka wa Baba da kwafi ukunsa. Da yanzu fa shi ke nan? Inna, ki bar shi a wajenki tukuna. Ba na son in gan shi kusa da ni, kar zuciya ta ja ni in saurara kafin ranar."

Na ce to. Na je banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Kwana huɗu ina zuwa daga makaranta kai tsaye. Editan ya zo sau ɗaya da damin wasiƙun masu karatu da aka buga masa a takarda, ya tsaya minti biyar yana duba agogo, ya tafi. Wasiƙun suka zama aikina. In Auta ta je ta ɗan miƙe ƙafa, sai in ja kujera in karanta masa. Mai jinya ta ba shi allo da takarda da fensir, yana amsawa da hannun hagu, rubutu kamar na 'yan aji ɗaya. Wani ya ce kwamfutarsa na ƙugi kamar injin niƙa. Malam ya rubuta, "Ƙura. A hure." Wata ta ce jikanta ya juya mata fuskar kwamfuta ƙasa ta koma sama. Rabin bakinsa ya yi dariya.

Rana ta huɗu da la'asar Auta ta tafi awo. Ɗakin ba kowa sai mu biyu da wani tsoho da ke barci a gadon ƙarshe. Tun safe na ga numfashinsa ya canja, na kuma ga yadda likita ya ja mijin Auta gefe. Na ɗauki wata takarda daga cikin damin na riƙe a gabana, ba na ko ganin abin da ke jikinta.

"Malam, ga wata. Mace ce, ba ta sa suna ba."

Ya lumshe ido, alamar in ci gaba.

"Ta ce, maƙwabcina ya ba ni ajiyar filashi. Na ɗauka aro ba da saninsa ba. Kwamfuta ta yi mini tambaya, ban karanta ba, na danna. Komai ya goge. Na zuba wasu abubuwan a kai. Shekara shida ke nan, kullum ya tambaye ni sai in ce tana nan." Na ɗan ɗaga takardar don kada mu haɗa ido. "Ta ce, yanzu yaya zan yi?"

Ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya juyo da kansa ya dube ni, ya dubi takardar da ke hannuna. Hawaye ya gangaro daga idonsa na hagu ya shige cikin kunnensa. Da ma ya iya zagina, da na fi samun sauƙi.

Ya laluba fensirin. Na riƙe masa allon. Ya ɗauki lokaci mai tsawo, fensirin na zamewa yana kamowa.

"Kada a ƙara sa komai a ciki. A kai wa mai gyara."

Na karanta, na ce, "Malam, ka yafe mini. Don Allah ka yafe mini."

Bai dube ni ba. Ya ci gaba da rubutu a ƙasan wancan, ƙanana ƙanana, don takardar ta kusa ƙarewa.

"Ni ma ban gwada ba. Kunyarki na ji."

Sai a lokacin na gane. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana gaya wa duniya a gwada kwafi, sau tara yana tsayawa a ƙofata, bai taɓa cewa in ɗauko ya gani ba, don kada in ce bai yarda da ni ba. Na kifa kaina a ƙarfen gadon na yi kuka har tsohon can ya farka yana tambayar ko an yi rasuwa ne.

Da Auta ta dawo, Malam ya riga ya ninke takardar ya tura mini ƙarƙashin tafin hannuna. Ta zauna tana ba shi labarin awo, wai yaron ya juya, kansa ya yi ƙasa. Ya ɗora hannunsa a kan cikinta ya bar shi a nan. Washegari da hantsi, ina aji ina koyar da rabawa, mijinta ya kira ni a waya. Allah ya jiƙan Malam.

Na bari aka yi kwana takwas, baƙi suka ragu. Na sami Auta a ɗakin babanta tana haɗa jaridu a kwali. Ya adana kowane shafi da ya taɓa rubutawa, an jera su shekara shekara, an ɗaure da zare. Tabon ƙuna na nan baƙi a jikin soket. Na ajiye ambulan ɗin a kan tebur, na ajiye takardar asibitin a kanta, na faɗa mata komai a tsaye, ban rage ko ɗaya ba.

Ba ta yi ihu ba. Ta karanta rubutun babanta sau biyu, ta shafa shi da yatsa.

"Shekara shida, Inna?"

"Shida."

"Ranar aurena kina zaune a nan, a kujerar can, muka fito daga jin na goma sha ɗaya ina kuka, kika rungume ni. A lokacin kin sani?"

"Na sani."

"Da kin faɗa masa, minti biyu ne ya sake miki wani. Minti biyu, Inna."

Ta zauna a kujerarsa da kyar, ta riƙe cikinta da hannu biyu.

"Ban san me ta ce ba," ta ce a hankali. "Kullum ina ta zato. Ko za ta ce in yi haƙuri da rashin barci, ko za ta gaya mini yadda ta haife ni. Yanzu har in mutu zato zan yi ta yi." Ta ɗago. "Ki tafi tukuna, Inna. Ba na son in faɗa miki abin da zan yi nadama."

Na kai ƙofa ta kira ni. Ta miƙo mini ambulan ɗin ba tare da ta dube ni ba.

"Baba ya ce a kai wa mai gyara. Ke za ki kai."

Shagon mai gyaran ɗan ƙuƙut ne, tsakanin mai ɗinkin takalma da mai sayar da labule. Dattijo ne mai furfura a gemu, gilashin ƙara girma rataye a wuyansa. A bangon bayansa an manna wani tsohon shafin jarida da ya yi jawur, da hoton Malam tun yana da gashi.

"Da shafinsa na koyi rabin aikin nan," ya ce da ya ga ina kallo. Na ba shi labari. Bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi. "Bayan ya goge, me kika zuba?"

"Tambayoyin jarrabawa. Da hotuna."

"Hotuna nawa?"

"Sun fi ɗari uku."

Ya cire hularsa ya sosa kai. Ya ce gogewar ba ita ce babbar ɓarna ba, da a nan na tsaya da ya dawo da kusan komai. Hotunan ne suka hau kan muryar suka zauna. Ya ce in ba shi mako guda, kada kuma in sa rai.

Kwana goma ya yi. A cikinsu Auta ta haihu, mace. Mijinta ne ya aiko mini da saƙo, ita ba ta kira ba. Na saƙa 'yar hula da safa na ajiye, na rasa ƙafar da zan kai su.

Ranar da mai gyaran ya kira ni, na tarar ya ajiye wa kwamfutarsa 'yar lasifika.

"Saƙonnin sun tafi, Malama, duka goma sha biyun. Na bi su ta kowace hanya. Abu ɗaya na samu a can ƙarshe, inda hotunanki ba su kai ba. Ina jin gwaji suka yi kafin su fara. Daƙiƙa tara ne."

Ya danna. Aka ji ƙarar jan kujera, sai muryar ƙawata, a gajiye amma da tsokanar nan tata.

"Ya fara ɗauka? Kai Malam, ka danna mana, tun ɗazu kake tsaye."

Sai tasa, daga ɗan nesa: "Tsaya in karanta abin da kwamfutar ta ce tukuna."

Ta yi dariya, dariyar ta zama tari, ya katse.

Mai gyaran ya juya baya yana gyara wasu wayoyi da ba su buƙatar gyara, har na gama. Sannan ya ɗauko filashi uku sababbi ya zuba shi a kowanne, ya soka su ɗaya bayan ɗaya ya gwada a gabana. Na buɗe jaka, ya ce in rufe.

Na sami Auta a ɗakin babanta, ta zo kwashe sauran kaya don mai gidan hayar ya ba da wa'adin wata guda. Kwalaye sun cika falon. Tana zaune a kan katifar da aka jingine rabinta da bango, jaririyar na barci a cinyarta. Na gaya mata abin da aka samu da abin da ba a samu ba. Mijinta ya kunna a kwamfutarsa ta hannu, ya fita baranda.

Ta saurara. Ta ce a sake. Na sake dannawa. A karo na uku ta sa bayan hannu ta toshe bakinta, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

"Haka suke," ta ce. "Wallahi haka suke kullum."

Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban tambaya ba. Na ajiye hular da safar a gefen katifa, na jera filashin uku a kan kwali, na juya zan fita.

"Inna."

Ta ɗauki ɗaya ta sa a jakarta. Ta ɗauki na biyu ta ajiye wa mijinta a kan kwamfuta. Na ukun ta daɗe tana juya shi a hannu. Sannan ta jawo tsohuwar ambulan ɗin nan ruwan ƙasa ta zura shi ciki, ta miƙo mini.

"Duk shekara zan zo," ta ce. "Kuma sai kin ɗauko mun gwada."

Na karɓa da hannu biyu. Na koma ɗakina na zauna a bakin gado da ambulan ɗin a cinyata, ban buɗe akwatin ba tukuna. Bangon da ke tsakaninmu ba shi da kauri. Ina jin jan kujerar, da muryarta, da tasa, da dariyar da ke ƙarewa da tari. Sai shiru na ɗan lokaci, jaririyar ta yi ɗan ƙorafi, aka sake kunnawa daga farko.